Lasifika Biyu da Ɗakin Inna

Idan mutum biyu suka hana mahaifiyarka barci, kuma kowannensu ya yi haka ne don kada ya ɓata wa ɗan'uwansa rai, wa za ka kai ƙara? Na juya tambayar nan a kaina har ta gaji da ni, ban samo mata amsa ba.

Gyaran rediyo da lasifika nake yi, shi ya sa kowa ke kira na Mai Rediyo. Shagona yana jikin gidanmu, gidan kuma yana tsakiyar layi, masallaci a bakin layin, coci a ƙarshensa. Ni na ɗaura musu lasifikokinsu, ni nake duba injinansu in sun fara tari. Shekara da shekaru muna zaune haka, muryar kowa tana kai wa mutanensa ta tsaya.

Sai aka yi wata rigima a wata unguwa mai nisa. Ko ƙurarta ba ta iso mu ba, amma Liman da Fasto suka sha jinin jikinsu. Suka fara ziyartar juna, suka kafa kwamitin zaman lafiya, aka ɗauke su hoto suna musafaha. Abin ya yi kyau, ni kaina na ji daɗi.

Ba a daɗe ba Liman ya leƙo shagona, ya ture wata matacciyar rediyo ya zauna a kan benci.

"Mai Rediyo, so nake ka ɗan ƙara wa lasifikarmu murya."

"Ai tana kaiwa, Malam."

"Tana kai wa namu. Yanzu wa'azina duk a kan haƙƙin maƙwabci ne. Ina amfanin in ce muna ƙaunarsu, su kuwa ba su ji ba?"

Kowane inji yana da maɓallin waje wanda kowa ke murɗawa, yana kuma da wani ɗan noti a ciki wanda ke yanke wa ƙarar iyaka. Wannan na cikin ni kaɗai nake taɓa shi. Na je na buɗe injin, na murɗa shi kaɗan.

Mako bai zagayo ba sai ga Fasto, fuskarsa cike da fara'a.

"Ɗan'uwana, mun ji saƙon Malam har cikin ɗaki. Ya taɓa mini zuciya. In muka yi shiru, kamar an gaishe mu ne mun ƙi amsawa."

Na je na murɗa nasa.

Daga nan aka shiga gaisuwa da amsawa. Liman ya sa na ƙara lasifika ɗaya na fuskantar da ita coci. Fasto ya sa na ƙara biyu na fuskantar da su masallaci. Masallaci ya ƙaro karatun hantsi da wa'azin yamma, coci ta ƙaro addu'ar tsakiyar mako da gwajin waƙa. Ba wanda ya taɓa zagin wani, ko da shaguɓe. Ƙauna ce ke tasowa daga bakin layi, ta yi karo da ƙaunar da ta taso daga ƙarshensa, daidai kan rufin ɗakin Inna.

Inna, mahaifiyata, ta tsufa, ga hawan jini. Barcinta na kirki na rana ne, shi ke riƙe da ita. A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a cikinsa ta haife mu, kuma ta sha faɗin cewa daga shi sai kabari. Yanzu gilashin tagarta rawa yake yi, cokali na kaɗawa a cikin kofi ba mai taɓa shi. Idanunta suka faɗa. Da likita ya ce abin da take buƙata shi ne hutu da shiru, ta yi dariya har ta sarƙe.

Matata ce ta fara tsare ni a bakin murhu.

"Kai ka murɗa, kai za ka warware. Sukundirebar ai tana aljihunka."

"Amana ce. Injin ɗakin ibada ba rediyona ba ne. In na taɓa shi ba da izini ba, sata na yi."

"Satar me? Ƙara?"

"In na rage na masallaci, a ce na sayar da nawa. In na rage na coci, a ce yau na nuna halina."

"To rage duka."

"In ci amana biyu ke nan."

Ta dube ni ta ci gaba da juya miya. "Allah ya ba ka lada. Inna kuma Allah ya ba ta sabon kunne."

Na ce zan bi ta ƙofa, ba ta taga ba. Ranar Lahadi na sami Liman a ɗakin karatunsa, kiɗan coci yana girgiza labulen. Na yi ta sallama bai ji ba, sai da na tsaya a gabansa. Ya yi sauri ya zare auduga daga kunnuwansa ya tura ƙarƙashin littafi.

"Ba ya damun ka, Malam?"

"Wa, ni? Ai wannan shi ne haƙurin da muke faɗa. In abu bai yi maka ciwo ba, me ka haƙura da shi?"

Na gaya masa halin da Inna ke ciki. Na ga a fuskarsa da gaske abin ya dame shi.

"Duba nan, Mai Rediyo. In na rage yanzu, za su ce mun janye hannu. Kuma tamkar na ce musu ku ma ku rage ne. Ba zan kunyata maƙwabci ba. In shi ya fara, ranar zan bi."

Fasto kuwa a ɗakin ajiya na bayan coci na same shi, tsakanin karyayyun kujeru. Can ya mai da teburinsa. Ya ce wai wurin ya fi iska, alhali ko taga babu. Shi ma na gaya masa halin Inna, na roƙe shi ya rage.

"Ni in rage bayan Malam ya ƙara? Zai zaci wa'azinsa ne ya ishe mu. Don Allah ka gaya masa muna jin daɗinsa ƙwarai." Ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Mama kuwa, ba za mu manta da ita ba."

Bai manta ba. Liman ma bai manta ba. A makon nan aka sa Inna a addu'a ta lasifika, daga bakin layi da kuma ƙarshensa. Aka roƙi Allah ya ba mahaifiyar Mai Rediyo lafiya da natsuwa da barci mai daɗi, jama'a suna amsa amin har kwanukan rufi suna amsawa tare da su. Na shiga na same ta kwance, matashi a kan kai.

"Ka ce musu na gode," in ji ta daga ƙarƙashin matashin. "Ka tambaya mini ko Allahn nasu duka ya fara kurumcewa ne."

Na koma shago na zauna a gaban dalma da wayoyi, ban iya haɗa komai ba. Da a ce ɗayansu mugu ne, da abin ya zo da sauƙi, mugu ana iya yi masa tsawa. Amma mutumin da ke toshe kunne da auduga don kada maƙwabcinsa ya ji kunya, da me za ka zarge shi? Ni ma kuma, da nake ta riƙon amana, ban san ko tsoron Allah ne ke riƙe da hannuna ko tsoron bakin mutane ba.

Yayata ce ta yanke zancen. Ta zo da hantsi da motar haya, ta ce za ta tafi da Inna gidanta, can nesa, inda babu kowa sai kukan kaji. Na tabbata Inna za ta ƙi. Da na shiga ɗakin sai na tarar ta shimfiɗa zane a kan gado tana jera kayanta a ciki. Ta sauke hoton Baba daga bango, wurinsa ya bar fari a jikin fenti.

"Inna, ke da kika ce daga nan sai kabari?"

"Shi ne nake gudun kada a kai ni da wuri." Ta ɗaure bakin zanen da ƙyar. "Ba fushi nake ba, ɗan nan. Mutanen kirki ne dukansu. Ni dai ƙarfina bai kai in ɗauki kirkin mutum biyu ba."

Yaya ta karɓi ƙullin, ta dube ni sama da ƙasa. "Wai kai ne mai gyara. Matsa mini in wuce."

Ban matsa ba. Na ce ta ajiye ƙullin, ta sallami mai motar, su ba ni zuwa la'asar. Yaya ta buɗe baki, Inna ta ɗaga mata hannu, sannan tsohuwar ta koma ta zauna a bakin gado.

A ƙofar gida na tsaya ina tunanin ta inda zan fara. Na ga in dai za a ci amana, gara a fara da ta gida. Na nufi masallaci.

Ladan yana sharar tabarmi. Shi ke riƙe da mabuɗin akwatin da injin ke ciki.

"Me ya lalace kuma, Mai Rediyo?"

"Ba komai. Dubawa ce."

Ya dubi sukundirebar da ke hannuna, ya dubi fuskata. Ya buɗe akwatin, ya ɗauki tsintsiyarsa ya koma can ƙarshen sahu, ya ba ni baya.

Na kwance murfin injin, na sa bakin sukundirebar a kan ɗan notin, na murɗa shi baya. Na mayar da murfin na ɗaure, na goge hannuna a riga, na fita na kama hanyar coci.