Ma'aunin Malama Rahila

Rahila Dauda ta dawo Sakkwato daga kwas na mako biyu a Kaduna da wata takarda da take ji da ita. Ma'aikaciyar kula da yara da iyali ce, 'yar Kagoro, shekararta huɗu tana zagaya gidajen cikin gari a kan ƙaramin babur da gwamnatin soja ta raba wa ma'aikata lokacin da kuɗin mai ya yawaita. A kwas ɗin wani likita ya nuna musu sakamakon gwajin da aka yi a ƙauyuka: yara masu zawo da aka ba ruwan gishiri da sukari yawancinsu sun tashi, waɗanda aka hana ruwa kuwa da yawa sun rasu. Rahila ta yarda, don ta sha zuwa ta'aziyyar irin waɗannan yara.

Takardar ta ce ruwa mai tsabta cikin kwalbar giya ɗaya, gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, sukari ƙwaya biyar. Ba ta tsaya tunanin kwalbar ba. Ta roƙi ɗaya wajen maƙwabcinta, ta wanke ta tas, ta jefa a jaka.

Gidan farko da ta shiga na Mode majemi ne a Ƙofar Marke. 'Yarsa Sadiyatu, 'yar wata goma sha ɗaya, kwana biyu tana zawo, idanunta sun faɗa. Uwarta Zulaihatu na riƙe da ita, kakarta Iyatu na zaune gefe.

"Inna, ruwa za mu ba ta," in ji Rahila.

"Abin da ke fita shi za a ƙara?" Iyatu ta tambaya. "Haƙori ne, ɗiyata, zai wuce."

Rahila ta yi bayanin gwajin, sannan ta fito da kwalbar. Iyatu ta daɗe tana kallonta.

"Wagga koriyar kwalba, ba irin ta barikin soja ba ce? Mi kinka kawo muna?"

"Ma'auni ne kawai, Inna. Ba komai ciki."

"To, fitar muna da ita."

Rahila ta kai ta zaure. Ta ce bari ta auna a can ta juye a kwano, Iyatu ta ce ruwan da ya ratsa ta ba zai shiga bakin jikarta ba. Cokalin shayi ma babu a gidan, sai ludayi. Dole Rahila ta kintata ruwan da ido a kwanon sha, ta ɗebi gishiri da yatsu, ta ɗanɗana ta ji bai fi hawaye gishiri ba, kamar yadda likitan ya ce. Zulaihatu ta fara ba yarinyar kaɗan-kaɗan.

Kafin gari ya waye labari ya kai Ƙofar Kware cewa gwamnati ta ce a riƙa ba yara giya.

Rahila ta je wurin shugabanta, Malam Attahiru. Ya karanta takardar sau biyu.

"Daga Ikko ta zo, Malama. Ko wasali ba ni da ikon canzawa." Ya miƙa mata takardar. "Amma ai kwalbar lemo biyu daidai suke da waccan ɗaya."

Haka ta zagaya tana koyarwa. Cikin mako guda wata mai suna Jummai ta ba ɗanta lemon kansa, ta barbaɗa masa gishiri. Wata ta sa gishiri cokali guda a kowace kwalba, yaron ya tofar. Wata kuma ta tambaye ta ko ƙaramar kwalba take nufi ko babbar da aka fara kawowa kanti. A Kaduna kuwa ba wanda ya ambaci babba.

Sadiyatu dai ta warke. Rahila ta same ta tana rarrafe a tsakar gida, Iyatu ta tarbe ta da fara'a.

"Kwanon nan naki ya yi albarka. Cikinsa munka zuba rubutun da Mode ya karɓo wajen wani malami kusa da Hubbare."

Da Zulaihatu ta rako ta zaure, sai ta ce a hankali, "Ban fasa ba ta ruwan ba, Malama. Amma da sukari ya ƙare zuma na sa, wani lokacin kuma ruwan kunu."

A ofis akwai fom da za a mayar Kaduna, mai tambaya biyu: an bi ma'auni, kuma yaro ya warke? Rahila ta rubuta a'a a ta farko, i a ta biyu, ta miƙa wa Malam Attahiru.

"In wannan ya je, cewa za su yi yara na warkewa ko ba maganin," in ji shi.

"In na rubuta i kuma, ranka ya daɗe, za su ce kwalbar ta karɓu a Ƙofar Marke."

"To mi ya warkar da ita?"

"Ruwan ne, ina jin. Sai dai ban san nawa ta sha ba, ko me ke ciki."

Malam Attahiru ya juya fom ɗin, ya duba bayansa ko an bar filin ƙarin bayani. Ba a bari ba. Ya tura shi ƙarƙashin wani fayil, ya ce ta dawo Litinin.

Daga nan Rahila ta wuce kasuwa, da niyyar sayen cokulan shayi ta raba wa matan, ko gishirin kaɗai ya daidaita. Mai tebur ya zube mata iri uku, kowanne da zurfinsa, ya ce duk na shayi ne. Ta ɗaga wannan, ta ɗaga wancan.

"Wanne za a ɗaure, Malama?"

Ta ce ya ba ta ɗaya daga kowanne tukuna, za ta rubuta wa likitan ta tambaya.