Abin da ke Ƙarƙashin Kujerar Arlen

Daga gonar Arlen Haugen a jihar Dakota ta Arewa, a Amurka, zuwa iyakar Kanada tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna, amma a shekara sittin da tara da ya yi a duniya bai taɓa tsallaka ta ba. In aka tambaye shi dalili sai ya ce me zai je gani? Alkamar ce dai, sanyin ne dai, sai kuɗinsu mai launi-launi kamar na wasan yara. Matarsa Marlys ta daɗe da daina musu da shi. Mutumin da ya haddace farashin alkama na shekara arba'in, amma bai san ko Kanada shugaban ƙasa gare su ko firayim minista ba, ai kifin rijiya ne, kuma ta san da haka tun kafin ta aure shi.

'Yarsu ɗaya, Janelle. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta auri wani malamin makaranta ɗan Kanada mai suna Remi, ta bi shi Winnipeg. Ba faɗa aka yi ba. Arlen dai ya sa rai ita za ta gaji gonar, da ta tafi sai ya ɗauke kai, kuma shi in ya ɗauke kai ko katafila ba ta juyo shi. Yanzu ga shi an gano ƙari a ƙwaƙwalwar Janelle, za a yi mata tiyata yau Alhamis da ƙarfe ɗaya. Likita bai ɓoye ba, ya ce tana iya farkawa babu magana, tana kuma iya ƙin farkawa. Abu ɗaya ta roƙa a waya.

"Mama, ki zo min da Baba. Ina so in gan shi da idona kafin su shiga da ni."

Tun jiya ya kamata su tafi. Arlen ya ce hadari na zuwa, ga alkama a tsaye, sai ya gama girbe gonar gabas. Ita kuwa Marlys yanar ido ta hana ta tuƙi mai nisa. Haka suka fito da ƙarfe takwas da rabi a tsohuwar a-kori-kurarsa, shi da rigar zuwa coci, ita da kwanon gurasar kirfa a cinya. Har da babbar rigar sanyi ya jefa a baya, a tsakiyar watan Agusta.

"Arlen, mil tamanin ne fa tsakaninmu da su. Zafin da muke ji shi suke ji."

"Ke kika sani. Ni dai a taswirar labaran yanayi daga can duk sanyi ke gangarowa."

Ta buɗe takardar da Remi ya aiko musu. Surukin nasu mutum ne mai tsari har ya so ya yi yawa. Ya san sunan babban birnin kowace jiha a Amurka, ya san 'yan majalisar da Arlen bai taɓa jin sunansu ba, har ya taɓa gyara wa faston cocinsu shekarar wani yaƙi a kan teburin cin abinci. A takardar ya rubuta komai dalla-dalla: allunan hanya da kilomita suke ba da mil ba, kada Baba ya ga ɗari ya taka ɗari; man fetur da lita ake sayarwa; kada su ɗauko itacen wuta; ga kwatancen asibiti; su iso kafin sha biyu, don bayan nan ba a barin kowa ya gan ta. Abu goma sha huɗu, kowanne da lambarsa.

"Wannan yaron ya ɗauka duniyar wata za mu," in ji Arlen.

Hadarin da yake tsoro jiya ya taso ta yamma, baƙi wuluk, yana bin su a hankali ta saman gonaki. Iska ta tsaya cik. Da ƙarfe goma saura suka iso layin iyaka, motoci biyar a gabansu, shingen siminti ta dama da hagu, sannan wata doguwar motar hatsi ta zo ta tsaya a bayansu ta toshe hanya.

Marlys ta ɗauko fasfo biyu daga jaka, na Arlen sabo fil, shekara biyar yana kwance a durowa. Sai ya suɓuce ya faɗa tsakanin kujeru. Ta sunkuya tana laluba ƙarƙashin kujerar direba. Hannunta ya taɓa fasfon, ya kuma taɓa wani abu mai nauyi a naɗe cikin tsumman mai.

Ba ta bukatar ta duba. Shekara talatin wannan ƙaramar bindiga tana nan, tun da mahaifin Arlen ya rasu ya bar masa ita. Da ita yake korar dila daga garken maruƙa, da ita yake ƙarasa saniyar da ta karye. A wurinsu ba ta da bambanci da sifana ko igiyar janwe, shi ya sa ko sau ɗaya ba ta faɗo mata a rai ba da safe. Ta sake duba takardar Remi daga ɗaya zuwa goma sha huɗu, ko akwai maganar bindiga. Babu. Remi ya san Amurka kamar tafin hannunsa, amma ta talabijin ya san ta, kuma a talabijin masu bindiga 'yan Texas ne masu faffaɗar hula da hayaniya. Bai taɓa kawowa dattijon da ke rera waƙa a coci ranar Lahadi yana zaune a kan harsashi shida ba.

Gabanta ya faɗi. Tsoro ne sosai ya kama ta.

"Arlen. Bindigar babanka tana ƙarƙashinka."

"To da ina za ta kasance?"

"Ba a shiga musu da ita."

"Wa ya ce? Ina da lasisi, yana nan a walat ɗina."

"Lasisin Dakota ne. Nan wata ƙasa ce, bawan Allah."

"Wata ƙasa," ya maimaita, yana murmushin gefen baki. "Ga gonar can, ga ta nan, har ciyawar iri ɗaya ce. Turanci suke yi, ƙwallonmu suke kallo. Kin taɓa jin an kama mutum don ya shiga gidan ƙaninsa da kayan aikinsa?"

Motar gaba ta matsa, saura huɗu. Ta nuna masa babban allon da ke gefen hanya, rubutu cikin harshe biyu da zanen bindiga, ana cewa duk mai makami ya faɗa. Ya ce wannan don 'yan fashi aka kafa shi. Ta tuna masa da ɗan yayar Doris, wata 'yar cocinsu, wanda ya tafi kamun kifi can ya dawo bayan wata biyu babu mota. Ya ce wannan yaron tun yana ƙarami ba ya jin magana.

"Mu faɗa musu kawai, don Allah."

"In na faɗa, ɗayan biyu ne. Ko su ce mu juya mu nemi inda za mu ajiye ta, mu dawo mu bi layi daga farko, sha biyu ta wuce. Ko su ce in miƙa musu. Bindigar ubana, Marlys. In miƙa ta ga gwamnatin da ban ma san sunan shugabanta ba?"

"'Yarka fa?"

Ta ga yatsunsa sun ƙanƙame sitiyari, sai ta gane shi ma yana tsoro, kuma ba tsoron iyaka ba ne. Shekara goma sha ɗaya yana jinkiri, yanzu ya zo da awa biyu a hannu yana so ya biya duka. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma bai sake ta ba.

"Ke dai ki yi shiru," ya ce a hankali. "Mutanen nan ladabi ya yi musu yawa. Ko ƙafarsu ka taka su ne za su ba ka haƙuri. Tsoho da tsohuwa da kwanon gurasa, wa zai bincike mu?"

Saura biyu. A can gefe, ƙarƙashin wata rumfar kwano, an tsayar da wata farar mota. An fitar da kujerunta na baya an jera a ƙasa, wani kare yana shinshina ƙofofi, mai motar kuma yana zaune a benci ya zuba tagumi. Ɗigon ruwa na farko ya bugi gilashinsu, babba, sai na biyu.

Layi ya zo kansu. Jami'ar iyakar da ke cikin wani ɗan ɗakin gilashi matashiya ce, ba za ta wuce talatin ba. A ƙirjinta an rubuta Villanueva. Ta karɓi fasfo da fara'a.

"Barkanku da zuwa. Ina aka nufa?"

"Winnipeg," in ji Arlen. "'Yarmu za a yi wa aiki." Ya ƙura wa sunan ido. "Ikon Allah, har nan ma 'yan Meziko sun iso?"

"A Winnipeg aka haife ni, yallaɓai. Iyayena daga Filifin suke." Fara'ar ba ta gushe ba, amma ta ɗan daɗe tana kallon allon kwamfutarta. "Wannan ne zuwanka na farko?"

"Na farko."

"Akwai giya ko taba?"

"Babu."

"Makami fa? Bindiga, harsashi, wani abu makamancin haka?"

"Babu."

Marlys ta kafa ido a kan kwanon gurasa. Tana jin yadda murfin yake kaɗawa a cinyarta, ta danne shi da hannu biyu, bai daina ba.

Jami'ar ta leƙo ta dubi bayan motar, ta dubi takalman gona, ta dubi 'yar takardar ƙungiyar mafarauta da ke manne a gilashi tun zamanin da.

"Yallaɓai, manoma da yawa suna wucewa ta nan. Na san a wurinku bindiga kayan aiki ce, mutum yana iya mantawa da ita. In akwai, ka faɗa min yanzu, za mu san yadda za a yi. In kuwa mu muka gano da kanmu, magana ta canza. Zan sake tambaya. Akwai bindiga a motar nan?"

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Wanda duk ya san mutanen nan ya san ladabinsu ba wasa ba ne, a cikinsa suke naɗe gargaɗi. Arlen kuwa laushin muryar kawai ya ji, ya ɗauka ya ci nasara.

"Yarinya, na girmi ubanki. Na ce babu."

Jami'ar ta gyaɗa kai. Ta sunkuyo kaɗan, ta tsallake shi da ido.

"Uwargida, ke fa? Lafiya kuwa? Na ga jikinki yana rawa."

Shekara arba'in da huɗu Marlys ba ta taɓa ƙaryata mijinta a gaban baƙo ba, ko da ya ce ruwan bara ya fi na bana alhali ta san ba haka ba ne. Ta dubi farar motar da karen. Ta dubi agogon mota, goma da minti ashirin. In suka yi ƙarya su biyu aka gano, babu wanda Janelle za ta gani. Kuma ai yarinyar ta ce in an faɗa za a san yadda za a yi.

"Akwai," ta ce. "Ƙarƙashin kujerarsa. Ta babansa ce, wallahi ba mugu ba ne, mantawa muka yi."

Arlen ya juyo ya kalle ta. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi a kan wannan kallon.

"Yallaɓai, ɗora hannuwanka biyu a kan sitiyari. Kada ka motsa."

Muryar jami'ar ce dai, ba ta ɗaga ba ko kaɗan. Kafin Marlys ta ankara maza biyu masu baƙaƙen riguna sun tsaya a kowace ƙofa. Ruwa ya kece. A cikinsa aka fito da Arlen, aka juya hannuwansa baya, aka sa masa ankwa, rigar cocin ta manne masa a jiki. Ta ji yana cewa yana da lasisi, yana da 'yanci, a duba walat ɗinsa. Ɗaya daga cikinsu ya ce masa, "Ka yi haƙuri, yallaɓai, kula da matakala."

Aka zaunar da ita a wani ɗaki mai kujerun roba. Ta taga ta ciki tana hango Arlen a wani ɗakin, a kan benci, kansa a sunkuye, ruwa na ɗiga daga gashinsa. Jami'a Villanueva ta kawo mata shayi a kofin takarda, ta zauna kusa da ita.

"Kin ce in an faɗa..." Marlys ta fara.

"In shi ya faɗa, Uwargida. Sau biyu na tambaye shi. Kuma da harsashi a cikinta." Ta yi ajiyar zuciya. "Motar za mu riƙe ta. Shi sai an gama da shi, kuma ba yau ba. Bayan haka ma ban san yaushe za a sake barinsa ya shigo ba. Ke za mu ɗauki bayaninki, sannan ki kira wani ya zo ya ɗauke ki."

"Minti nawa bayanin?"

"Zan yi iya ƙoƙarina."

Agogon bango ya ce sha ɗaya da minti biyar. Daga nan zuwa Winnipeg awa ɗaya ce da kwata in hanya ta yi kyau, kuma sai wani ya fara zuwa daga can tukuna. Marlys ta yi lissafin sau uku, bai fita ba.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Jami'ar ta dubi sunan da ya fito, ta gyaɗa mata kai, ta tashi ta koma bakin ƙofa.

"Mama?" Muryar Janelle ta yi nauyi, da alama an fara ba ta magani. "Sun aske min rabin kai, kada ki yi dariya in kin ganni. Kun tsallako?"

"Mun iso iyaka, 'yata."

"Da Baba? Da gaske ya zo?"

"Ya zo."

Ta ji Janelle ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka, ta ji tana gaya wa Remi, ta ji Remi yana cewa ai ya faɗa mata.

"Ba shi wayar, Mama. Ko gaisuwa ce."

Marlys ta ɗaga ido. Ta cikin gilashin Arlen ya ɗago kai, ya ga wayar a kunnenta, ya yunƙura zai miƙe, jami'in da ke gefensa ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi zaune.

"Yana tuƙi ne, Janelle. Ruwa ake yi sosai."

"To bar shi, kada ki ɗauke masa hankali. Ki ce masa kada ya yi gudu. Zan roƙe su su ɗan jira ku."