Ƙeyar Sonoko

Sonoko na gaba, Harue na biye da ita tana haki a kan matakalar haikalin Kiyomizu. Tun safe haka suke. Sun ga haikalin zinariya, sun ratsa kurmin gora, sun kutsa kasuwar Nishiki, kuma ko'ina Sonoko ce a gaba, tana ture baƙi da kafaɗa tana nuni da laima.

Ba mugunta ba ce. Likita ya gaya wa Harue idanunta ba za su kai baɗi ba, shi ya sa ta baro garinsu Aomori, can arewa mai nisa, ta zo wurin ƙawarta ta makaranta, wadda rabonsu da juna tun suna goyo. Ita kuwa Sonoko haifaffiyar Kyoto ce, irin masu ganin wanda bai ga garinsu ba bai ga komai ba. Ta ci alwashin sai ta ɗura wa idanun nan Kyoto kaf kafin su rufe. Yini ɗaya ne kawai a hannunsu, da dare 'yar Harue za ta zo da mota ta ɗauke ta.

Harue ta nemi su zauna su sha shayi, ta sake nema. Sonoko ta ce shayi zai jira, rana ce ba ta jira.

Da magariba suka shiga lungun Pontocho, inda Sonoko ta ajiye babban abin alfaharinta: wani ɗan gidan abinci da ba ya karɓar baƙon fuska sai tsohon mai zuwa ya kawo shi. Marigayi mijinta ne ya buɗe mata ƙofar wurin. Ciki babu haske sai fitilar takarda ja, aka zaunar da su kafaɗa da kafaɗa a bakin kanta, suna fuskantar mai dafuwa.

Aka kawo gasasshen kifi da tofu, wato awara. Sonoko ta ga hannun Harue na lalube a kan katako har ya ci karo da kofi, amma ta kau da kai, ta tambaye ta wanne ya fi burge ta cikin duk abin da suka gani.

"Ƙeyarki," in ji Harue. "Na haddace ta tsaf. Rini kike yi, ko? Bai kama ƙasan ba."

"Ke dai har yanzu ba ki da kunya, Haru-chan," in ji Sonoko, tana kiran ta da sunan da suka saba tun makaranta.

Harue ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya.

"Haikalan nan duk na gan su a talabijin, Sono-chan. Fuskarki na zo gani. Na ce bari dai sai mun zauna. To ga shi mun zauna, ni kuma da duhu ya yi, shi ke nan."

Sonoko ta ajiye tsinken cin abincinta. Nadama ta kama ta. Yini guda cur na rana mai haske, ta ɓatar da shi tana nuna rufin gine-gine.

Da suka fito, matar mai gidan ta rako su bakin ƙofa, ta tsaya tana rusunawa kamar yadda ake yi, ba za ta shiga ba sai baƙi sun sha kwana. A kwanar suka juyo don mayar da gaisuwa. Harue ta rusuna da ladabi, sai dai bango ta rusuna wa. Sonoko ta kama kafaɗunta a hankali ta juya ta.

Motar na jira a bakin gada. Kafin su isa, Sonoko ta hango na'urar sayar da lemo tana zuba farin haske a gefen titi. Ta ja Harue can, ta cire nata tabarau, ta kara fuskarta kusa da gilashin na'urar, ba ta damu da masu wucewa ba.

"To, ga ni. Kalla."

Harue ta daɗe tana kallo.

"Kin tsufa," ta ce. "Amma kin yi kyau."

Sonoko ta yi murmushi ta ce ta gode. Ba ta gaya mata cewa kunnenta take kallo ba.