Matsin Da Aka Bari A Tiyo

"Nuna min hannun," na ce.

"Kai tela, ka cika tsoro. Allurarka ma ta fi wannan ɓarna."

Ya miƙo min tafin hagu. Ɗigo ɗaya ne ja a gindin babban yatsa, ko jini bai yi ba. Mai Famfo muke ce masa a layinmu, shagonsa bango ɗaya da nawa. Aikinsa gwada tiyon da mai ke bi a cikin manyan motoci. Ya cika tiyon da mai, ya haɗa shi da famfon da iska ke tuƙawa, ya ga ko zai jure. Shekara goma sha ɗaya ina jin famfon nan ta bango, tak, tak, tak, har na san halinsa. Iska ke tura babban fistin, ƙarfen da ke kai-komo a cikin famfon, shi kuma ya danna ƙarami, ƙarfin ya ninka sau ɗari. In matsi ya kai, famfon ya yi shiru da kansa. In ya sake yin tak, to akwai yoyo.

Ran nan ya sake yin tak. Mutumin da ya fi kowa sani sai ya bi tiyon da tafinsa yana laluben yoyon, yadda ya saba tun yana faci. Man ya fito siriri, ido ba ya gani, ya shige masa cikin nama.

"Kai da bakinka ka ce min abin nan yana huda fata. Mu je asibiti."

"In ce musu me? Sauro ya cije ni?"

Ya ɗaure da tsumma, ya ɗora wani tiyon. Na yi fushi na koma kan kekena. Har yau ban yafe wa kaina fushin nan ba.

Washegari matarsa ta faɗo shagona ko sallama babu.

"Malam, don girman Allah zo. Ni ya ƙi jin tawa. Kumburin ya kai har gwiwar hannu."

Na same shi a gefen katifa, zufa na zuba, yatsunsa sun yi toka-toka. Ban tsaya jin ta bakinsa ba, na ciccibe shi na sa a tasi. A asibiti ma'aikaciyar ta dubi ɗan ɗigon ta ce mu bi layi.

"Hajiya, man inji ne a ciki! Yana cin sa ta ciki!"

"Kowa nan ciwo ya kawo shi."

Na roƙa, na yi ihu, har na durƙusa mata. Sai bayan awa huɗu likita ya gan shi. Ya tambayi yaushe abin ya faru, na ce jiya da hantsi. Sai ya ɗauki waya yana kiran ɗakin tiyata.

Suka cire hannun daga kafaɗa. Amma gubar ta riga ta shiga jini.

Rana ta uku ya buɗe ido, ya neme ni.

"Tela, tiyon ƙarshe. Ban sauke matsin ba."

"Yaya, bar zancen tiyo, ka ji da kanka."

"Shirun famfon zai ruɗi wani ya taɓa. Rufe iska tukuna. Sannan ka murɗa jan bawul na ƙasa mai sakin man, a hankali. Kada ka tsaya gaban tiyon."

"In ka tashi ka yi da kanka."

"Je ka yanzu."

Matarsa ta ciro makulli daga bakin zanenta ta ba ni, tana kuka.

Shagon shiru, kofin shayinsa na kan benci ya yi fumfuna. Allurar agogon famfon tana can sama inda ya bar ta. Na rufe iska. Na kama jan bawul da hannu biyu, na murɗa kaɗan. Mai ya fara tsiyaya cikin gwangwani.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Na san matarsa ce, na san rasuwarsa za ta faɗa min. Mai Famfo ya ce in murɗa a hankali, don haka ban saki bawul ɗin ba. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji, ni kuwa ina tsaye ina kallon allurar tana sauka.