Ɓuyan Nonye

Susanna na cikin aji a Samaru wayarta ta yi ƙara. Maƙwabciyarta ce. Wai an ji wani abu ya fashe wajen Chikaji, ana ta rufe shaguna, kowa na gudu.

Ko jakarta ba ta ɗauka ba, ta tari ɗan acaɓa zuwa gida a Sabon Gari, kusa da Chikajin. Mijinta Obi ya tafi Kano saro kaya. Daga surukarta, Mama Josephine, sai Nonye 'yar shekara biyar a gidan.

Ta tarar da tsohuwar a tsakar gida ita kaɗai.

"Mama, ina Nonye?"

"Na ce ta ɓuya. Yanzu na rasa inda ta shiga."

Suka duba ƙarƙashin gado, banɗaki, bayan buhunan gari. Susanna ta yi ta ƙwala kira har muryarta ta dishe. Can labari ya iso cewa tukunyar gas ce ta fashe a wani shagon walda, babu rikicin komai. Amma yarinya shiru.

"Ba za ta amsa ba, 'yata," in ji Mama. "Ni na koya mata. Lokacin yaƙin basasa ban fi ta ba. Uwata ta ce in na ɓuya, ko muryarta na ji kada in fito, don ana iya ɗora mata bindiga a ce ta kira ni."

 A garin su Susanna, can kudancin Kaduna, abin da ake koya wa yaro shi ne in ya ji harbi ya ruga ya riƙe zanin babba. Ba ta taɓa sanin ana koyar da wani abu daban a cikin gidanta ba.

Idonta ya kai kan wani mataccen firji da ke bayan kicin. Ta fizgi murfin. Ga Nonye a duƙunƙune, ta jiƙe sharkaf da gumi, ta toshe bakinta da hannu. Susanna ta sunkuce ta, tana yayyafa mata ruwa, tana kiran sunan Yesu.

Da ƙyar yarinyar ta buɗe ido, ta nemi kakarta.

"Kaka, na yi daidai?"

Mama Josephine ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe fuska da gefen zaninta.

Kafin la'asar Susanna ta kira mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya kwashe firjin. Ranar ko banɗaki Nonye za ta shiga, sai uwarta ta tsaya a bakin ƙofa.