Kaskon da Hadda Ta Binne a Taki

A ƙauyenmu, in aka ambaci Hadda, sai wata ta ce ai ita ce mai warin alfadari. Wata ta ce ta fi hira da dabbobi a kan mutane. Matar mai shago kuwa cewa take ba ta taɓa ganin mayafinta babu ciyawa a jiki ba. Duk da haka, in akuyar wani ta kasa haihuwa, ƙofar Hadda ake bugawa.

Yayata Tuda ba ta sa baki a irin wannan zance. Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma kowace hantsi Hadda kan shigo su sha shayi da gurasa da man zaitun suna yi wa juna tsiya. Ni nakan zauna gefe ina tsefe ulu.

A tsakiyar sanyin bara 'yar Tuda ta haihu a garin Azru, muka tafi muka bar wa Hadda kaji goma sha ɗaya. Dusar ƙanƙara ta toshe hanya, kwana ukun da muka yi niyya ya koma tara. Da muka dawo, kajin lafiya lau, har da ƙwai cike da kwando. Amma Tuda ta leƙa akurki ta tarar da kaskon ruwansu, wanda mahaifiyarmu ta gina da hannunta, an haƙa rami an binne shi har baki cikin ɗanyen kashin alfadari da ƙaiƙayi.

Ranar Alhamis ce, mata sun taru a tanderun unguwa. Can Tuda ta sami Hadda.

"Hadda, kaskon Inna kika tura cikin kashi?"

"Sannu da hanya dai, uwar tsafta. Ruwan ya daskare ne?"

"Ƙazama kawai! Duk abin da ake faɗa a kanki gaskiya ne, ni ce nake ta rufa miki asiri."

Hadda ta kwashe gurasarta tun ba ta gama gasuwa ba, ta naɗe a zane ta tafi. Washegari ba ta shigo shan shayi ba, haka jibi.

Tuda ta tono kaskon, ta wanke shi sau uku, ta ajiye a kan dutse. Kowace safiya ruwan ya zama ƙanƙara, sai ta kwara masa tafasasshen ruwa daga buta. Rana ta huɗu na ji ƙas! Ya rabe biyu. Ta tsaya riƙe da butar ta daɗe tana kallonsa. Muka koma tasar ƙarfe, ita kuwa kafin ka juya baya ta daskare. Kaji suka daina ƙwai, daga nan suka gano wata kafa a gindin katanga, suka riƙa sulalewa gidan Hadda.

Ni aka aika in koro su. Na same su jere suna sha daga wata tsohuwar tukunya da aka binne a taki, an rufe rabinta da katako. Ruwan fes, bai daskare ba. Na cusa hannu cikin takin, sai na ji ɗumi kamar tanderun da aka kashe wutarsa ɗazu. Na gaya wa Tuda, da yamma sai ta ɗauko curin sukari, irin wanda ake kaiwa in ana neman sulhu, ta ce in miƙa.

Hadda ta juya shi a hannu ta mayar mini.

"Kajinta su sha, ba su zage ni ba. Amma ki gaya wa yayarki ba da sukari ta yi mini ba. Da baki ta yi, a gaban mata tara. Na ƙirga su."

Kwana biyar Tuda tana zuba shayi kofi uku bisa sabo, tana mayar da ɗaya cikin buta.

Alhamis ta zagayo. Muka tarar Hadda ta riga mu, tana durƙushe a bakin tanderu ta ba mu baya. Matar mai shago ta taɓa ta kusa da ita da gwiwar hannu. Tuda ta ajiye ƙullunta, ta ɗan yi gyaran murya.

"Hadda."

"In wuri kike so, jira. Hannuna da datti."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi sauri ta toshe baki da mayafi. Tuda ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi ma za su ji.

"Kin raya mini kaji, ni kuma na ci mutuncinki a nan wurin. Ban kyauta ba, 'yar'uwa. Ki yafe mini."