Sarkin da Ke Bayan Bagade

Wata uku cur Mai Fenti ya yi a kan tsani yana zana Almasihu Sarki a bangon da ke bayan bagade, teburin ibada na gaban coci, amma minti biyar ya ishi dattawan coci su ce ba sa so. Abin takaicin ma, wanda ya fara buɗe baki yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shugaban dattawan, mutumin da ko layi a miƙe bai taɓa ja ba.

"Mu sarki muka ce ka zana mana," in ji yayan, yana nuna bangon da makullin motarsa. "Ina gadon sarauta? Ina rawanin zinariya? Wannan ai kamar ɓarawon da aka yi wa taron dangi a kasuwa."

Gaskiya hoton ba na ado ba ne. Ido ɗaya a kumbure, leɓe a fashe, rawanin ƙaya ya nutse a goshi, ga tsohuwar jar riga da sojoji suka yafa masa don ba'a. Launin kumburin nan kaɗai kwana huɗu Mai Fenti ya yi yana haɗa shi. Jin ana kushe shi da makullin mota ya sa zuciyarsa ta tafasa.

"Yaya, shi ne Sarkin. Wanda annabawa suka yi alkawarinsa, aka yi ta jira kaka da kakanni. Da ya zo, rawanin da aka ba shi ke nan. Ni na ƙirƙira?"

"Kada ka yi mini wa'azi, ba ka girme ni a coci ba. Ran Lahadi za a buɗe ginin nan, manyan baƙi za su zo. Wannan za mu nuna musu?"

Mai Fenti ya dubi Fasto ko zai ce wani abu. Fasto kuwa sabon zuwa ne, bai gama sanin wanda ake tsoro ba, sai ya duƙufa yana nazarin takalminsa. Aka ce masu son a shafe su ɗaga hannu. Hannu bakwai suka tashi, har da na ma'aji wanda jiya-jiya ya tsaya gaban hoton yana share ƙwalla.

Nan Mai Fenti ya fashe.

"Ku ne fa! Ku ne duk lokacin da aka karanta yadda mutanensa suka ƙi shi, sai ku girgiza kai, ku yi tsaki, wai da kuna wurin da ba a yi haka ba. To ga shi ya zo muku a bango, ko magana ba ya yi, kun kasa jure shi minti biyar! Su dai sun saurare shi shekara uku kafin su kai shi gicciye."

Yayan ya tura masa bokitin farin fenti da ƙafa.

"Shafe, ka sake wani."

"Hannuna ba zai yi ba. Mai so ya hau."

Ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofa yana huci. Bai kai ba ya ji ƙarar tsani, ya waiga. Yayan ne ya tuɓe kwat, ya ɗauki buroshi, yana hawa da ƙaton tumbinsa da gwiwarsa mai ciwo. Tsanin kuwa ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, Mai Fenti kaɗai ya san yadda ake danne ta. Dattawa shida suna tsaye sun goya hannu a baya suna kallo, ba wanda ya matsa.

Tsanin ya karkata. Mai Fenti ya jefar da jaka, ya ruga ya cafke shi da hannu biyu, ya taka gajeriyar ƙafar. Haushin kansa ya fi na kowa cin sa, amma bai saki ba. Wanda ke sama ɗan uwansa ne, ƙasa kuma siminti.

Yayan ya tsoma buroshi, farin fenti na ɗiga a kan hannun ƙanen. Yana haki ya ce, "Kai ne ka san aikin. Daga ina ake farawa?"

Mai Fenti bai ɗaga kai ba.

"Fara da idanun, Yaya. Kada ya ga wanda ya riƙe maka tsani."